Masu Karanta Ƙasa: Yawon Daji a Ƙafa a Kwarin Luangwa

Da sanyin safiya, kafin rana ta ɗago a kan kogin Luangwa da ke gabashin Zambiya, akan ga ɗan ƙaramin ayari ya bar sansani ya nufi cikin kurmi. Na gaba ma'aikacin hukumar kula da namun daji ne, sanye da kaki, riƙe da bindiga. Jagora na biye da shi, shi ne mai bayani, shi ne kuma mai cewa a tsaya ko a juya. Daga nan sai baƙi, galibi ba su wuce shida ko bakwai, suna bin sawun juna a layi guda ba tare da hira ba. A can ƙarshe akwai saurayi ɗauke da jakar buta da kofuna da ganyen shayi. Sau da yawa almajirin aikin ne, kuma idonsa ne ke tsaron bayan ayarin. Za su shafe awa uku ko huɗu suna tafe a ƙasar zaki da damisa da giwa da ɓauna, babu shinge, babu mota a kusa, kuma baƙin sun biya maƙudan kuɗi domin a kai su.

Mai hankali zai tambaya: me ya kai mutum sauka daga mota? Tambayar tana kan hanya, domin idan ganin manyan dabbobi kusa da kusa ake nema, mota ta fi. Namun dajin da suka taso suna ganin motocin masu yawon buɗe ido ba su ɗauke su a bakin komai ba, har zaki yakan zo ya kwanta a inuwar mota ya yi barcinsa. Amma da zarar ɗan Adam ya miƙe a kan ƙafa biyu, kowace dabba ta gane shi. Shekaru dubbai ke nan wannan halitta mai tafiya a tsaye tana farautarsu, kuma ba su manta ba. Zakin da ya yi biris da mota yakan tashi ya shige ciyawa tun mai tafiyar ƙasa yana can nesa. Don haka wanda ya zaɓi ƙafa yakan ga dabbobi kaɗan, daga nesa, wani lokaci ma bayansu kawai zai hango suna ƙura. Abin da ya biya kuɗinsa a kai shi ne ilimin mutanen da suka san dajin, kuma wannan ilimin ba ya fitowa sai an taka ƙasa.

Ɗauki sawu. A wurin baƙo, hanyar da dabbobi ke bi zuwa mashaya tarin ramuka ce kawai a cikin ƙura. A wurin jagora labarin daren jiya ne a rubuce. Zai durƙusa ya nuna maka cewa wannan na zaki ne, domin tafin yana da tudu uku ta baya kuma babu alamar farce, tunda zaki da damisa suna janye faratansu in suna tafiya. Wancan na kura ne, tudu biyu, ga kuma faratan a fili. Zai nuna maka sawun giwa, na ƙafar gaba zagayayye, na baya mai ɗan tsawo, ya ce in ka auna kewayen na gaba ka ninka shi biyu, ka sami kusan tsayin giwar daga ƙasa zuwa kafaɗa. Tsagar da ke tafin kowace giwa daban take da ta 'yar'uwarta, dugadugan tsohon toro kuwa sun sha tafiya har sun yi sumul. Hanyar dorina ita ma ba ta ɓuya: layi biyu ne da ɗan tudu a tsakani, saboda faɗin jikinta ya raba ƙafafun dama da na hagu.

Sanin mai sawun shi ne mataki na farko. Gwaninta tana wajen sanin yaushe ya wuce. Zabin daji a kan itace suke kwana, ba su sauka sai gari ya waye. To idan aka ga sawun zabo a bisa na zaki, zakin ya riga ya wuce kafin asuba, yana iya yiwuwa ya yi nisa. Idan kuwa sawun zakin ne ya danne na zabo, to bai daɗe ba, sai kowa ya shiga taitayinsa. Ana duba ko raɓa ta sauka a cikin sawun, ko iska ta fara rushe bakinsa, ko tururuwa ta ja layi ta ratsa shi. Kashin giwa ma littafi ne. Jagora yakan fasa shi da hannu ya ji ɗuminsa, ya nuna 'ya'yan itatuwan da ke ciki ba su ko fashe ba, domin giwa ba ta narkar da ko rabin abin da take ci. Birai da zabi suna zuwa tsince, buzuzu yana mulmule nasa rabon ya binne, iri kuma ya tsiro nesa da uwarsa da takinsa a jiki. Kashin kura kuwa fari ne fat idan ya bushe, saboda yawan ƙashin da take taunewa.

Kunne yana aiki daidai da ido. Haushin gwaggon biri idan ya ga damisa daban yake da na faɗa tsakaninsa da 'yan'uwansa. Puku, wata dabba ce 'yar'uwar mariya da ta cika filayen bakin Luangwa, tana da fito mai kaifi da take yi in ta ga abin tsoro. Idan carki suka tashi daga cikin duhuwa suna ƙara, jagora zai ɗaga hannu a tsaya, domin carki ba ya zama sai a bayan babbar dabba, kuma mai yiwuwa ɓauna ce kwance a inda ido bai kai ba. Sai kuma iska, wadda ita ke tsara tafiyar baki ɗaya. Jagorori da yawa suna ɗauke da ɗan ƙullin toka a tsumma, suna kaɗa shi lokaci lokaci su ga inda ta nufa. Ganin giwa ba shi da ƙarfi, amma hancinta ba ya kuskure. Wanda ya sa iska a fuskarsa zai iya tsayawa ya kalli garke yana kiwo ba tare da sun san da shi ba. Wanda ya bari ta bi ta bayansa ya aika da sanarwar zuwansa ke nan.

Wani masani ɗan Afirka ta Kudu, Louis Liebenberg, wanda ya daɗe yana bin maharban ƙabilar San a hamadar Kalahari, ya wallafa littafi a 1990 inda ya kafa hujjar cewa bin sawu na daga cikin tushen tunanin kimiyya. Mai bin sawu yana ganin alama, ya ƙiyasta abin da ya faru, ya yi hasashen inda alama ta gaba za ta kasance, sannan ya je ya duba ko ya yi daidai. Daga baya Liebenberg ya fito da tsarin jarraba masu bin sawu a cikin daji a ba su takardar shaida, ko da ba su taɓa shiga aji ba. Ina ganin wannan na cikin abubuwa mafi adalci da aka yi a wannan fage, domin ya mayar da darajar ilimin ga masu shi.

Bahaushen da ya je Luangwa zai tarar da tsofaffin sani a cikin itatuwan. Kurmin da masu yawon buɗe ido ke yaba duhunsa da sanyin inuwarsa a bakin kogin, kanya ce zalla. Ga tsamiya ta kafa saiwa a kan suri, ga kuka, ga rawuya da 'ya'yanta masu nauyi suna reto, dorina da raƙumin dawa suna cin su. Can kudu a Mana Pools, a bakin kogin Zambezi ta ɓangaren Zimbabuwe, inda shi ma yawon ƙafa ya shahara, gawo ne sarkin fili. 'Ya'yan nan nasa da makiyayi ke kakkaɓo wa awaki da rani, su ne giwaye ke bi, har wasu toraye suka koyi miƙewa a kan ƙafafun baya su kamo reshe da hanci.

Tarihin wannan sana'a a Zambiya yana rataye da sunan Norman Carr, Bature da aka haifa a 1912 a garin Chinde da ke Mozambik ta yau. Ya fara ne a matsayin maharbi, yana yi wa gwamnatin mulkin mallaka aikin kashe giwayen da ke ɓarnar gonaki. A 1950 ya shawo kan Sarki Nsefu na al'ummar Kunda ya keɓe wani yanki na ƙasarsa domin namun daji, aka kafa sansanin baƙi a wurin, da sharaɗin kuɗin da aka samu su shiga baitulmalin masarautar. A zamanin da zuwa dajin Afirka ke nufin zuwa da bindiga a komo da kai da fata, cewa baƙo zai biya don ya kalla kawai ya tafi sabon abu ne. Cewa kuma kuɗin na mutanen wurin ne, wannan ya fi na farkon zama sabo. A shekarun da suka biyo baya Carr ya riƙa fita da baƙi a ƙafa daga sansani zuwa sansani, ya horar da jagorori da dama, har ya rasu a 1997. Yankin da aka fara karewa a 1938 ya zama gandun daji na ƙasa a 1972, shekara takwas bayan samun 'yancin kai, da faɗin murabba'in kilomita 9,050, shi ne ake kira Luangwa ta Kudu.

A Afirka ta Kudu ma an yi makamancin haka. A 1959 Ian Player, ma'aikacin gandun Umfolozi a ƙasar Zulu, ya fara fita da mutane yawon kwanaki a ƙafa tare da Magqubu Ntombela, wani Bazulu da bai yi boko ba amma ya san dajin kamar tafin hannunsa. Player bai ɓoye ba har ƙarshen rayuwarsa cewa Ntombela ne malaminsa. Gandun Kruger ya bi sahu a 1978, inda ake fita da mutum takwas tare da ma'aikata biyu masu bindiga. Na ambaci Ntombela da gangan. Littattafai da tallace-tallace suna cike da sunayen Turawan da suka kafa sansanoni, amma babu ɗayansu da ya koyi karanta ƙasa shi kaɗai. Sai da ɗan gari akan ci gari. Kowane ɗayansu akwai wani Bakunde ko Babise ko Bazulu da ya yi masa jagora shekara da shekaru, kuma mafi yawansu sun mutu ba a rubuta sunansu ko'ina ba. Kada kuma a manta, dokokin da suka kafa gandayen nan su ne suka mayar da farautar kakannin waɗannan mutane laifi.

Maganar haɗari ba abin a rufe ba ce. Kafin a fita, jagora yakan tara baƙi ya gindaya musu sharuɗɗa. A zauna a layi, a bayan bindiga. A bar surutu, mai son a tsaya ya yi ɗan fito ko ya kaɗa yatsa. In an ce a tsaya a tsaya, in an ce a koma bayan wancan itace a koma ba tare da tambaya ba. Babban sharaɗi kuwa shi ne kada a ruga, ko me ya taso, domin gudu yana tayar wa zaki da ɗabi'ar bin abin da ke gudu, kuma babu ɗaya daga cikin manyan dabbobin da mutum zai tsere wa. Ba a fita da yara ƙanana. Ana son tufafi masu launin ƙasa ko na busasshiyar ciyawa, ana gudun fari saboda yana haske daga nesa, ana gudun baƙi da shuɗi saboda suna janyo tsando.

Abin da baƙi suka fi tsoro zaki ne, amma jagorori sun fi shakkar uku: giwa mai ɗan jariri, tsohon ɓauna da ya bar garke yana zaman kaɗaici a cikin duhuwa, da dorinar da aka tare wa hanyar komawa ruwa. Ana koya wa ɗalibin aikin cewa giwar da ta buɗe kunnuwa ta ɗaga kai tana kururuwa galibi barazana take yi, wadda kuwa ta sunkuyar da kai ta naɗe hanci ta taho shiru da gaske take. Sai dai gogaggun jagorori ba su dogara da wannan kaɗai, domin barazana tana iya rikiɗa ta zama hari a cikin ƙiftawar ido. Shi ya sa Zambiya ta raba aikin gida biyu, ta wajabta ma'aikacin hukuma mai bindiga a kowace fita: shi idonsa na kan daji, jagora kuma hankalinsa na kan baƙi. A Luangwa takardar jagoran mota daban take da ta jagoran ƙafa, kuma ta biyun ta fi wuyar samu. A Zimbabuwe sai mutum ya yi shekaru yana almajirci a ƙarƙashin ƙwararre, sannan a kai shi daji a jarraba shi a gaban dabbobi masu haɗari. A wurin masu wannan sana'a, ranar da aka harba bindiga ranar baƙin ciki ce, domin tana nufin an matsa kusa fiye da kima ko an kasa karanta wata alama.

Duk da haka tsautsayi yana aukuwa. A watan Yulin 2025 wata giwa mai shayarwa ta afka wa ayarin masu yawon ƙafa a Luangwa ta Kudu, ta kashe mata biyu, ɗaya 'yar Birtaniya ɗaya 'yar New Zealand, duk da harbin da aka yi mata. Irin wannan ba ya yawan faruwa, amma duk mai tallata yawon ƙafa a matsayin abin da ba shi da haɗari ko kaɗan bai faɗi gaskiya ba, kuma baƙon da ke matsa wa jagora lamba a ƙara matsawa don hoto ya yi kyau yana wasa da ran mutane da na dabbar.

Lokacin tafiyar rani ne, daga wajen Yuni zuwa Oktoba, wanda ya zo daidai da daminarmu. Ciyawa ta kwanta, ana hango nesa, dabbobi kuma sun taru a bakin kogi da tafkunan da ya bari a tsofaffin hanyoyinsa. Luangwa na cikin manyan kogunan Afirka da ba a datse ba, yana cika yana sauya hanya yadda ya so, kuma a 2019 gwamnatin Zambiya ta dakatar da shirin gina madatsa a kansa a Ndevu. Dorina da kada sun yi yawa a cikinsa ƙwarai. A kwarin ne kuma kaɗai ake samun wani nau'in raƙumin dawa da ake kira na Thornicroft. Zuwa Oktoba zafi yakan haura digiri 40, sai a taƙaita tafiya. Da ruwa ya sauka a Nuwamba, baƙar laka takan rufe hanyoyi, ƙananan sansanonin cikin daji su tashi. Da yawansu da ciyawa da kara da itace ake gina su, kowace shekara kuma sai mutanen ƙauyukan kusa sun sake gina su daga tushe.

Kwarin ya ga baƙar rana. A shekarun 1970 da 1980 masu farautar haure da ƙaho sun yi wa giwaye kisan kiyashi, karkanda kuwa, wadda ake ƙirga ta da dubbai a wurin, suka ƙarar da ita ƙurmus. A 1998 aka ayyana cewa babu sauran baƙar karkanda a Zambiya. Sai a 2003 aka fara dawo da wasu daga Afirka ta Kudu zuwa gandun Luangwa ta Arewa, inda ake gadinsu dare da rana. Yau babbar matsalar ita ce tarkon waya da ake ɗanawa don naman miya, wanda ba ya zaɓe: yakan kama zaki a wuya, kyarkeci a ƙugu, giwa a hanci. Masu tafiya a ƙasa su ne ke cin karo da irin wannan tarko, mai mota wucewa yake yi. Ni a ganina, zaman sansani da zirga-zirgar ayari a lungunan da mota ba ta kaiwa wani nau'in gadi ne da ba a cika lissafa shi ba.

Sai dai alkawarin da aka ƙulla da Sarki Nsefu bai gama cika ba. Kwana ɗaya a sansanonin nan yakan ci ɗaruruwan daloli, kuma masu tsadar cikinsu ba na 'yan ƙauyukan ba ne. A ƙetaren kogin, a yankin Lupande da kewayen garin Mfuwe, manomi yana kwana a gona yana buga gwangwani, giwar da baƙo ya kalla da safe ita ce ke cinye masa masarar shekara a dare ɗaya, wani lokaci har ta fasa rumbu. An yi ƙoƙari. Akwai kwamitocin al'umma da doka ta tanada domin karɓar rabonsu na kuɗin namun daji. Ƙungiyar Conservation South Luangwa tana kwance tarkuna tana taimaka wa manoma su kori giwaye da barkono. COMACO, wadda aka kafa a 2003, tana karɓar bindigogi da tarkuna daga hannun maharba, ta koya musu noma da kiwon zuma, ta sayi amfanin da daraja. Sansanoni da dama suna tallafa wa makarantu da asibitoci, kuma aikin jagora ya zama abin da yaron Mfuwe ke buri. Duk wannan alheri ne. Amma tallafi daban, mallaka daban. Muddin wanda ke ɗaukar asarar zama da giwa ba shi ne ke da babban rabo a ribarta ba, tarkon waya ba zai ƙare ba, komai yawan masu gadi. Baƙon da ya damu da wannan yana da ikon tambaya kafin ya biya: su wa ke da sansanin, su wa ke shugabantar ma'aikata, nawa ke komawa ƙauye?

A Afirka ta Yamma ma ana wannan yawo. A gandun Mole da ke arewacin Ghana, ma'aikaci mai bindiga yakan fita da baƙi a ƙafa da safe su tsaya suna kallon giwaye a bakin tafki, kuma kuɗin bai kai ko kusa da na Luangwa ba. A Nijar, jagororin Kure sun daɗe suna kai mutane wurin raƙuman dawan da suka rage a yankin, har harin watan Agustan 2020 da ya ci rayuka takwas, ciki da jagora da direba 'yan ƙasar, ya durƙusar da harkar. Rashin tsaro shi ne babban cikas a wajenmu. Sambisa gandun namun daji ne kafin ya zama abin da ya zama, Kamuku ma haka, kuma babu mai kai baƙo yawo a dajin da mazauna gefensa ba su iya zuwa gona.

Yankari a jihar Bauchi, wanda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa baƙi a 1962, har yanzu yana da giwaye da ɓauna da gwanki da dorina, ga kogin Gaji, ga ruwan ɗumi na Wikki. Ƙauyukan da ke kewaye da shi, kamar sauran karkararmu, ba su rasa maharba da makiyayan da za su bi sawun saniyar da aka sace su faɗa maka ko tana ɗingishi, su faɗi mutum nawa ke kora ta. Ilimin da ake biyan daloli a kansa a Luangwa irinsa ne. Abin da ya kamata hukumomin gandayenmu su fara da shi ba ya buƙatar jiran baƙi daga Turai: a nemo waɗannan dattawa, a jarraba su a cikin daji kamar yadda ake yi a kudancin Afirka, a ba su takarda da albashi, a haɗa kowannensu da matasan ma'aikata biyu ko uku su riƙa fita sintiri tare. Baƙin farko da za a kai su zama ɗaliban makarantun Alkaleri da Bauchi da Gombe, a ƙananan ayari, a wuraren da aka tabbatar da tsaronsu.